SA HANNUNKA SHAIDA CE: Magana da masu duba ayyukan kwangilar gwamnati



'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, duk lokacin da aka tada maganar kwangilar gwamnati, bakin jama'a yana kan mutum biyu ne: ɗan siyasar da ya bayar da aikin, da ɗan kwangilar da ya karɓa. Amma akwai na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuɗin ba ya fita daga baitulmali sai da alƙalaminsa. Shi ne wanda ake turawa ya je ya ga aikin da idonsa, ya dawo ya rubuta cewa an yi. Injiniyan ma'aikatar ayyuka, mai ƙididdigar kayan gini, daraktan ayyuka na ƙaramar hukuma, mai binciken kuɗi da fayil yake bi ta teburinsa. Galibinsu ba attajirai ba ne. Da yawa sahu ɗaya muke da su a sallar asuba, wasu ma suna zaune a karatunmu. Yau da su nake son magana, sauran jama'a kuma su saurara, don abin ya shafi kowa.

Bari mu fara da yadda kuɗin yake tafiya, domin wanda bai san hanya ba ba zai gane inda ake ratsewa ba. A matakin tarayya akwai dokar bayar da kwangila ta shekarar 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, jihohi da dama kuma sun yi irin tasu. A tsarin, ba a ɗaukar kuɗin aiki gaba ɗaya a miƙa wa ɗan kwangila. Ana ba shi kafin alƙalami ya fara, wanda dokar ta ƙayyade shi da farko a kashi 15 cikin 100. Daga nan duk matakin da ya kai, sai a zo a auna, a rubuta takardar shaida, sannan a biya shi gwargwadon abin da ya yi. In ya gama, ana riƙe wani ɗan kaso, yawanci kashi 5, na wasu watanni, don in gini ya tsage ko rufi ya yi yoyo ya dawo ya gyara. Ka ga tsarin a takarda ba shi da laifi. Kowace ƙofa akwai mai gadi. To ta ina ajin da ba shi da rufi yake samun cikakken biya? Ta ina rijiyar burtsatsen da ba ta taɓa ɗigo da ruwa ba take zama "an kammala"? Wani ne ya sa hannu.

Ɗan'uwa injiniya, wannan takardar da kake sa wa hannu, sunanta a Shari'a shaida. Ba a kotu kawai ake shaida ba. Kai ka ce ka gani, aka gaskata ka, aka fitar da dukiyar mutane bisa maganarka. In ba ka gani ba, ko ka ga akasin abin da ka rubuta, ka yi shaidar zur. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Annabi (SAW) yana lissafa mafi girman manyan zunubai yana kishingiɗe, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka ji tausayinsa suka so ya yi shiru. Mu mun ɗauka shaidar zur ta mutumin da ake ba ɗari biyar a bakin kotu ce ya yi rantsuwa. Wallahi wanda ya sanya babbar riga, ya zauna a ofis mai sanyi, ya sa hannu a kan asibitin da bai taka ba, shi ma layinsu ɗaya. Bambancin kawai, na bakin kotu mutum ɗaya ya cuta, kai kuma gari guda.

Aikin gini yana da wani hali da ya sa amanarsa ta fi nauyi: yana ɓoye aibinsa. Kun san labarin da Muslim ya kawo, na mai sayar da abinci a kasuwar Madina. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barrantar da kansa daga mai ha'inci. Ku lura da abu ɗaya: Annabi (SAW) bai tsaya daga nesa ya kalli saman tarin ba. Hannu ya sa. To gini ya fi tarin hatsi iya rufa asiri. Takarda ta ce rodi mai milimita 16 za a sa a ginshiƙi, aka sa mai 12, da zarar an zuba kankare shi ke nan, ba mai sake ganinsa sai ranar da ya faɗo. Aka ce kwaɓin ya zama kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai aka mayar da shi ɗaya, huɗu, takwas. Buhun simintin da magina suka san bulo talatin da 'yan kai yake bugawa in ana son mai ƙwari, a matse shi ya fitar da hamsin ko sittin, bulon da yaro zai murmushe da yatsa. Kankare yana son a yi ta shayar da shi ruwa a kwanakin farko, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28, amma a cire katako da wuri don ana sauri a kai shi wani aikin. A hanya kuma, a zuba kwalta a kan ƙasar da ba a daddaɓe ba, a tsallake magudanar ruwa. Duk wannan filasta da fenti suna rufe shi tsaf. Ranar buɗewa a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a yi tafi. Damina biyu ta tona.

Saboda haka mai duba aikin da bai zo ba sai ranar da aka gama fenti, ko da bai karɓi ko kwabo ba, bai sauke nauyi ba. Lokacin zuwanka shi ne kafin a rufe fandisho, kafin a zuba kankare a kan rodi, da awo a hannunka. A Suratun Namli Allah ya ba mu labarin Annabi Sulaimanu (AS), da duk girman mulkinsa, ya fito yana binciken rundunarsa har ya gane tsuntsu guda, alhudahuda, ba ya nan. Da tsuntsun ya dawo da labari ma bai karɓa haka nan ba, sai da ya ce zai gwada gaskiyarsa. Malaman tafsiri daga nan suka ciro cewa bibiyar waɗanda ke ƙarƙashinka wajibin shugabanci ne. Ɗabari ma a tarihinsa ya kawo cewa lokacin da halifa Mansur yake gina Bagadaza, a shekara ta 145 bayan Hijira, an ɗora wa Imamu Abu Hanifa ƙidayar tubalin ginin, yana auna su da kara. Babban limamin mazhaba, yana ƙirga tubali. Mu kuwa yau ƙaramin jami'i yana ganin ƙasƙanci ne ya sauko daga mota takalminsa ya taɓa laka.

Yanzu mu zo inda gizo yake saƙar. Da yawanku za ku ce: "Malam, ni ban taɓa cewa a ba ni ba. Shi ne dai in na je yakan ba ni kuɗin mai." Wani ragon layya, wani buhun shinkafa da azumi, wani a biya wa ɗansa kuɗin makaranta, babba kuma a ba shi kujerar Umara. An canja wa abin suna, an ce na goro ne, ihsani ne. To an taɓa kawo wa Annabi (SAW) irin wannan hujjar. Ya tura wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware kaya kashi biyu, ya ce wannan na hukuma ne, wannan kuma kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) bai bar maganar tsakaninsu ba, ya hau mimbari. Ma'aunin da ya bayar mai sauƙi ne: mutum ya zauna a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta biyo shi. Ka gwada da kanka. Ranar da aka ɗauke ka daga sashen ayyuka aka mayar da kai ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, ragon zai zo? In ba zai zo ba, ba kai aka ba ba, alƙalaminka aka saya. Kuma bakin da ya ci ba ya iya cewa a rushe wannan ginshiƙin a sake.

Wani lokaci ma ba cin hanci ba ne kai tsaye, tsari ne gurgu. Ma'aikata ba ta ba injiniya mota ba, ba ta ba shi kuɗin tafiya ba, sai ɗan kwangila ya ɗauko shi a motarsa, ya ciyar da shi, ya kama masa masauki, ya nuna masa inda yake so ya gani. Wannan laifin shugabannin ma'aikatar ne, kuma za a tambaye su. Wanda ya ware biliyan don aiki ya kasa ware kuɗin man mai duba aikin, shi ya miƙa wa kura ajiyar nama.

Kada wani ya zaci matsa wa ɗan kwangila lamba tsarin Turawa ne. Fiƙihunmu ya san wannan ciniki, sunansa istisna'i: ka ba mai sana'a aikin da babu shi tukuna, ya yi maka bisa siffar da kuka yarje. Sharaɗinsa a fayyace nau'i da adadi da siffa da lokaci, ta yadda ba za a yi jayayya ba. In ya kawo abin da ya saɓa siffar, mai aiki yana da haƙƙin ƙin karɓa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa ya halatta a sa sharaɗin tara a irin wannan yarjejeniya, wato a rage wa ɗan kwangila kuɗi in ya jinkirta ba tare da uzurin da ya fi ƙarfinsa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma akwai babin lamuntar da masu sana'a: abin da aka ba maɗinki ko marini ya lalace a hannunsa, shi zai biya, sai in ya kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Malamai sun yi haka ne don maslahar jama'a, saboda sun san in aka bar kowa ya ce "ƙaddara ce", dukiyar mutane za ta salwanta. To in an lamuntar da maɗinki a kan yadi biyar, ina ga wanda aka ba gada? Ambaliyar da ba a saba gani ba ƙaddara ce. Kwalbatin da aka rage wa rodi ya karye a ruwan farko kuwa, kada a jingina wa Allah.

Don haka jami'in da ya yafe tarar jinkiri don ɗan kwangila surukin wane ne, ko ya saki kuɗin riƙo alhali bango ya tsage, ba rahama ya yi ba. Afuwa a cikin haƙƙinka take. Wannan kuwa ba naka ba ne.

Sai dai adalci ya sa in juyo ga ɗaya ɓangaren, don akwai 'yan kwangila masu tsoron Allah da tsarin nan ya durƙusar. Mutum ya ci bashi ya yi aiki, an auna, an sa hannu, sai fayil ya kwanta shekara biyu a kan teburin wani yana jiran a "gan shi". Kafin a biya, darajar naira ta faɗi, kamar yadda muka gani tun daga 2023, kuɗin da zai sayi buhu ɗari na siminti ba ya sayen sittin. Leburorinsa suna bin sa, mai tifa yana bin sa. Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi da sunan zalunci, kuma gwamnati ba ta fita daga wannan hukunci ba. Wani kuma tun kafin ya kafa tubali an zaftare masa kashi goma na mai gida, kashi biyar na jam'iyya, wani abu na majalisa. Wanda ya karɓi wannan kason ya sani cewa daga cikin simintin ajin yara aka ciro shi, ba daga aljihun ɗan kwangila ba. Kai kuma ɗan kwangila, in ka lissafa ka ga abin da ya rage ba zai yi aikin yadda aka rubuta ba, to barin aikin shi ne mafita, ba rage rodi ba. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alƙawura, bai ce sai in an ci riba ba.

Ga wata mas'ala a nan da ake yawan tambaya. Dokar 2007 ta ce in biya ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman kuɗi, ana ɗora masa kuɗin ruwa. Wannan daban yake da tarar da ake ci ɗan kwangila. Tarar tana kan aiki ne, shi kuwa wannan ƙari ne a kan bashin kuɗi saboda jinkiri, kuma majalisar fiƙihun da na ambata, a zamanta na Riyad a 2000, ta bambance su: ta halatta na farko, ta hana na biyu domin riba ce. Musulmi ya nemi haƙƙinsa, ya nemi a sake duba farashi in yarjejeniyar ta ba da dama, amma ya bar kuɗin ruwan.

Wani abin mamaki a ƙasar nan shi ne rashin tuna baya. Kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya bayar da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Na tarayya kaɗai fa. Kowane ɗaya akwai wanda ya karɓa. Ina suke? Da yawa sun canja sunan kamfani sun dawo layi. Annabi (SAW) ya siffanta mumini da cewa ba a saransa sau biyu a rami ɗaya, mu kuwa ramin har suna muka san shi da shi, muna sake zura hannu. Sayyidina Umar (RA) yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi don ya gwada daga baya, yana kuma da Muhammadu bin Maslama da yake aikawa takanas ya binciko masa ƙorafin da aka kawo a kan gwamnoni. Ajiye tarihin kowane ɗan kwangila, wa ya gama a kan lokaci, wa ya gudu, aikin wa ya tsage, ba ƙiyayya ba ce. Kuma dokar ta ba BPP ikon haramta wa kamfani shiga kwangila. 'Yar dattijon Madyana, a Suratul Ƙasas, siffa biyu ta ambata wa mahaifinta game da wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Ba ta ce ɗan garinmu ba, ba ta ce wanda ya yi mana kamfen ba. Haka nan ba ta ce mai yawan sallah kawai ba. Mai gemu da tabon goshi in bai san aikin gada ba, ba shi gada cin amana ne.

Ku kuma jama'ar gari, ba ku fita ba. Aikin da ake yi a unguwarku naku ne. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ku damar rubutawa ku nemi sanin nawa aka ware da me aka ce za a yi. ICPC ma tun 2019 take bibiyar ayyukan mazaɓu, kuma an ga 'yan kwangilar da suka koma bakin aiki saboda haka. Ku haɗa kwamiti, ku sa magini ɗaya da ya san aiki a ciki, ku je da ladabi. Amma ku tabbatar kafin ku yaɗa. Hoton da aka turo maka a WhatsApp ba hujja ba ne, kuma kiran mutum ɓarawo ba da sani ba shi ma akwai hisabi. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: matasan da suke tare ɗan kwangila sai ya biya "kuɗin unguwa", da masu kwashe rodi da dare, da masu cire batirin fitilar sola, da wanda ya sayi simintin da ya san daga wurin aikin gwamnati aka karkato shi, duk cikin tukunya ɗaya suke ci.

Nauyin dukiyar jama'a ya wuce yadda muke zato. Bayan yaƙin Khaibara wani hadimin Annabi (SAW) mai suna Mid'am kibiya ta same shi ya mutu, mutane suna masa murnar Aljanna, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya. Jin haka wani mutum ya taho da igiyar takalmi ya mayar. In ka cuci mutum ɗaya, ka san ƙofar gidansa, za ka iya zuwa ka roƙe shi. Wanda ya ci kuɗin asibitin ƙauye, wa zai roƙa? Matar da ta haihu a bayan a-kori-kura a hanyar birni, ko jaririn da bai zo da rai ba?

Ƙaramin ma'aikaci zai ce: "Oga ne ya ce in sa hannu, in na ƙi za a jefa ni ƙauye." Na san ba abu ne mai sauƙi ba, mai iyali ya san zafin wannan. Amma tilascin da Shari'a take karɓa a matsayin uzuri ba tsoron canjin wurin aiki ba ne ko jinkirin ƙarin girma, balle a abin da zai iya kashe rai. Ba kuma sai ka yi faɗa da kowa ba. Rubuta abin da ka gani kawai: an kai kashi 40, rodin da aka sa kaza ne, ga hoto, ga kwanan wata. Ka ajiye kwafinka. In wani yana son ya mayar da 40 ta zama 100, ya sa nasa hannun.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, ƙofar tuba a buɗe take, sai dai istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bayi. Gina masallaci da kuɗin ko zuwa Umara da shi ba ya wanke shi, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Asali a mayar da shi baitulmalin da ya fito, ba dole sai ka bayyana sunanka ba. In hakan ya gagara, malamai sun ce a sanya shi a maslahar jama'ar da aka cuta, da niyyar sauke nauyi, ba da niyyar sadaka ba. Mafi kusa shi ne wurin da abin ya faru. Ajin nan da ka sa hannu an rufa alhali ba a rufa ba, yana nan, yara suna zaune a ciki suna kallon sama. Ka san sunan ƙauyen. Ka sayi kwano da katako ka tura kafinta, kafin damina ta sauka.

Wallahu a'alam.